Ƙafar Fitilar da Malam Ya Bari a Tsaye

A wannan watan Malam Bawa Mai Hoto ya cika shekara bakwai da rasuwa. Ni ce matarsa, Kulu, wadda 'yan firamare a Jega suka sani da Malama kafin in ajiye alli. Shekara talatin da ɗaya muka yi tare ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba, kuma ko yanzu da na rubuta shi sai da na ɗaga kai na dubi ƙofa, kamar zai shigo ya kama ni. Babu wanda ya shigo. 'Ya'yanmu biyu maza ne, ɗaya yana Birnin Kebbi, ɗaya yana Legas, suna bugo waya ranar Juma'a. Sauran kwanakin ni kaɗai ce a gidan, sai kaji, sai wani ƙarfe mai ƙafa uku da ya shekara bakwai cur a tsaye a kusurwar falo.

A kan ƙarfen nan nake son yin magana, don idan na fara lissafa halayen Malam za a ce ai kowace mace haka take faɗa bayan mijinta ya mutu. Ƙafar fitila ce, irin wadda masu hoto ke ɗora fitila da laima a kanta. Baƙa ce, tana da gaɓa uku da ke shiga cikin juna, kowace gaɓa da kunnenta da ake murɗawa a ɗaure ta a tsayin da ake so. Malam Shamuwa yake kiranta, saboda dogayen ƙafafun nan da yadda take tsayawa ba ruwanta da kowa. Ya saye ta tun kafin a haifi ɗanmu na biyu, kuma ya fi kula da ita fiye da yadda yake kula da babur ɗinsa, wanda dama ba wata kulawar kirki yake samu ba.

Yana da ƙa'ida guda da bai yarda a taɓa ba. Idan an gama aiki a sauke gaɓoɓin, a goge su da busasshen ƙyalle, a saki kunnuwan, a naɗe ƙafafun, a mayar da ita jakarta. Ba a barin ta ta kwana a tsaye, kuma ba a barin kunne a ɗaure, don ƙarfe yana gajiya, kuma raɓa tana samun maɓoya. Ni da na fi kowa sanin wannan ƙa'ida, ni ce na karya ta shekara bakwai. Hannunsa ne na ƙarshe da ya murɗa kunnen tsakiya, kuma na kasa sa nawa hannun in kwance abin da ya ɗaure. A bana aka zo aka roƙe ni ita, aka kuma nuna mini cewa tsatsa ta fara cin kunnen. Dole ta sa na zaɓa: ko in kwance ta, ko in bar ta ta mutu a tsaye.

Bari in fara da yadda aka yi malamar firamare ta shiga sana'ar hoto. Duk wanda ya san gidajenmu ya san namiji baƙo iyakarsa zaure. A wancan lokacin, idan aka kira Malam biki ko suna, maza ne ke samun hoto: ango da abokansa, dattawa a kan tabarma, yara suna leƙe. Amarya da iyayenta mata da tsofaffin gida kuwa, ko dai su fito ƙofar zaure a lulluɓe a ɗauke su cikin hanzari kamar masu laifi, ko su haƙura. Akwai tsofaffin da suka zo duniya suka koma ba wanda ya taɓa ɗaukar fuskarsu. Abin yana damun Malam. Wata rana yana cin tuwo ya ce mini, ba tare da ya ɗago ba, tun da shi ba zai shiga ba, ni ce zan riƙa shiga.

Na ce ban iya ba. Ya ce yaran da nake koya wa baƙi da wasali su ma da ba su iya ba. Daga nan Asabar da Lahadi da lokacin hutu suka zama na hanya: shi a gaba yana tuƙi, ni a baya da jakar Shamuwa a kan cinyata, muna keta Aliero lokacin da aka cire albasa aure ya yawaita, mu gangara Maiyama, mu shiga ƙauyukan da babur kansa yake tafiya yana ƙorafi. Mutane sun yi magana, ba ƙarama ba. Wata gwaggona ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata da kyau. Da aka zo auren jikarta kuwa, ita ta fara aiko a ce Kulu ta taho da ƙarfen nan nata.

Yadda muke aikin shi ne, Malam zai zauna a zaure, ni in shiga in duba ɗakin in dawo in faɗa masa. Bangon ƙasa ne ko fenti? Akwai taga? Rufin yana da tsawo? Da bakina yake ganin ɗakin, sai ya saita kyamara ya miƙo mini, aikina in danna. Amma tsayar da fitila ba wanda zai yi mini, don haka a nan ya fi matsa mini. A tsakar gidanmu ya koya mini, da rana tsaka, yana tsaye yana riƙe da ƙugu.

"Buɗe mata ƙahwahu sosai, Kulu. In kin tsuke su, ko ɗan akuya yana kada ta."

Ya nuna mini cewa ƙafa ɗaya dole ta fuskanci inda nauyin fitila ya karkata, in ba haka ba ta kifa. Ya ɗinka wata jaka da tsohon buhun albasa ya cika ta da rairayin gulbi, a ɗora a kan ƙafar baya, musamman idan an buɗe laima a tsakar gida, don iska ba ta sallama kafin ta ɗauke ta. Waya kuma a bi da ita ta gefen bango, a danne da dutse, saboda gidan biki ba ya rasa mai tuntuɓe. Gaɓa mai kauri ake fara ɗagawa, siririyar ta sama sai in babu yadda za a yi. Kuma kafin a saki kowane kunne, hannun hagu ya riga ya riƙe sandar. A kan murɗa kunne kuwa mun sha yin cacar baki, don ni hannun daka gare ni.

"Kak ki murɗe shi kamar kuna hwaɗa. In ya kama, ki bar shi."

Sai kuma zane-zanen. A jikin gaɓar tsakiya Malam ya sa ƙusa ya ja layi uku: na masu zama a tabarma, na masu zama a kujera, da na masu tsayuwa. Idan na ja sandar har layin da nake nema ya leƙo daga bakin gaɓar ƙasa, sai in ɗaure a nan. Ya yi haka ne don kada in tsaya ina lissafi a gaban mata ashirin da ke kallona. Fitilar kuma kullum a gefe take, ta ɗan ɗara kan mutum tsawo, ba a gabansa tsaye ba. Ya ce hasken da ya zo kai tsaye yana goge hanci da kumatu, ya bar fuska kamar faifai. A shekarun da na yi ina shiga gidajen mutane, layukan nan uku ba su taɓa ba ni kunya ba.

Ni dai na taɓa ba su kunya. Wata damina na lura gaɓoɓin suna ɗan kukan ƙarfe idan an ja su, sai na yi abin da duk macen da ta san darajar kayanta za ta yi. Da man gyaɗa muke shafe wuƙa da tukunyar ƙarfe don kada su yi tsatsa, da shi nake lallaɓa keken ɗinkina idan nasa man ya ƙare. Na ɗauko kwalba na shafe Shamuwa daga sama har ƙasa, tana ƙyalli, na mayar da ita jaka ban gaya wa kowa ba, ina jiran yabo. Washegari muka tafi biki Karaye ta wajen Maiyama. Na tsayar da ita a ɗakin amarya, na ɗaure a layin masu kujera, na koma bayan kyamara. Ina cewa amarya ta dube ni, sai na ga idon kowa ya bar ni ya koma gefe. Fitila ce ke saukowa a hankali, da laimarta, kamar tsohuwa za ta durƙusa gaisuwa. Na ɗaga, na ɗaure, ta sake saukowa. Mata suka kwashe da dariya har uwar amarya tana share hawaye. A ƙarshe wata ƙatuwar mata, ƙanwar uban ango, ita ta riƙe sandar da hannu har muka gama.

Malam yana zaure yana jin dariyar bai san dalili ba. Da na fito ya taɓa sandar, ya shinshina yatsunsa, ya dube ni.

"Mi kinka yi mata?"

"Mai nis shahwa mata, don kukan da takai."

"Kulu, wagga ba keken ɗumki ba ta. Da kaushi taka riƙo, ke ko kin ɗebe mata shi."

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Kwana biyu ya yi yana wanke gaɓoɓin da ruwan sabulu yana shanyawa, ƙura duk ta manne a jikin man ta zama baƙin danƙo. Abin da ya hana fitilar faɗowa ta fashe, in ji shi, ita ce iskar da ke cikin sandar: irin wannan ƙafar an yi ta yadda idan ta zame iska ke tare ta, ta sauko a hankali tana huci. Har ya bar duniya, idan na soya wani abu mai ya yi yawa, sai ya tambaya ko na rage wa Shamuwa nata.

Duk matan da na haska a ƙasar nan, ni ban da hoton kirki ko ɗaya. Ba rowa Malam ya yi mini ba. Ni ce ba na iya kallon kyamara. Zan iya tsayawa gaban yara sittin in yi tsawa ajin ya yi tsit, amma da an nuna ni da gilashin nan sai wuyana ya karye, kaina ya sunkuya, ko an ce in ɗago ba ya ɗagowa. Hoton katin aikina ma idanuna ramuka biyu ne baƙaƙe, don hasken ya sauka a goshi ya tsaya. Malam ya sha tsokanata a kan wannan, ya sha cewa wata rana zai zaunar da ni. Ni kuma kullum ina da uzuri.

Sai wayoyi suka zo, kowa ya zama mai hoto. Kiran biki ya ragu, ya ragu, har ya zama sai wanda ya tuna da mutunci. Malam ya rufe shagonsa na kusa da kasuwa ya kwaso kayan gida. Bai yi ƙorafi da yawa ba, amma na san abin yana cinsa, don sai ya riƙa fito da kayan yana gogewa alhali ba su yi ƙura ba. Wata safiyar Talata na fito daga madafa na tarar ya tsayar da Shamuwa a kusurwar falo, ya ɗora fitila da laima, ya jawo kujerar katako ya ajiye a gabanta. Ya ce yau ba ni da mafita, in zauna. Na ce kaina ba kitso, hannuna ba lalle, kuma ina da takardun jarrabawa da zan kai makaranta, ya bari sai Juma'a.

Hannunsa yana kan kunnen tsakiya. Na zaci zai sauke ta kamar kullum.

"To, bari ta nan tsaye har ki shirya."

Wannan ne karo na farko da na ga ya bar ta a tsaye, kuma ban kawo komai a raina ba. Da na dawo daga makaranta na same shi kwance da zazzaɓi. Washegari muka kai shi asibiti. Ranar Asabar da hantsi ya cika. Juma'ar da na ce, a bakin gadonsa na yi ta, kaina ba kitso.

A falon nan na yi takaba, Shamuwa tana kusurwa, kujerar tana gabanta. Da 'yan gaisuwa suka watse na sauke fitilar da laimar na adana, amma sandar da kujerar ban gusar da su ko da faɗin yatsa ba. Idan ina shara sai in kewaye ƙafafun uku. Yarana sun yi magana har sun gaji. Na Legas ya taɓa rataya hularsa a kanta, bai sake ba. A nan ne kuma na lura da abin da ya daɗe yana ci mini rai. Layin masu kujera bai leƙo ba. Malam ya ɗaure sandar ƙasa da layin da kusan taƙin hannu guda, shi da ko a duhu ba ya kuskure shi. Na ce a raina, ashe tun da safen nan ciwon ya kama shi, idonsa ya fara rawa, ni kuma ina tsaye ina maganar kitso ban gani ba. Shekara bakwai duk ranar da na goge ƙurar sandar sai na ga wurin, sai in ji na tsani kaina.

Kaɗaici ba ya zuwa da hayaniya. La'asar ce ta fi mini wuya, lokacin da a da nake jin ƙarar babur ɗinsa tun daga kwanar layi. Yanzu babura sun cika gari, da keke mai ƙafa uku, kowanne da irin kukansa, babu nasa. Nakan zauna a tabarma, ba a kujerar ba, in ba Shamuwa labarin wanda ya mutu da wanda ya haihu. Na san ƙarfe ne. Amma shi ne kaɗai abin da ya rage a gidan yana nan yadda ya bar shi, yana jiran abin da ya ce a jira.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Ranar kasuwar Jega idan na ratsa ta layin masu waya, ina ganin 'yan mata a gaban wata fitila mai kama da zobe, haske yana dukan fuskarsu kai tsaye, sannan waya ta ƙara wanke abin da ya rage. Baƙa da fara da wankan tarwaɗa duk su fito launi ɗaya, uwa ba za ta gane 'yarta ba. Na tabbata zai yi tsaki ya ce an kwashe wa mutane hanci. Na kuma tabbata kafin mako ya zagayo zai ari wayar wani ya zauna yana tone-tone har ya gane kanta, don bai iya ganin abu bai san cikinsa ba. Abin da zai faranta masa rai kuwa shi ne yanzu mata ne da kansu ke shiga ɗakunan amare da kayan aiki, ba wanda ke zaune a zaure yana jiran a ba shi labarin bango. A kasuwar ce ma wata mata daga Sarandosa ta riƙe mini hannu bara, ta ce hoton mahaifiyarta guda ɗaya tak a duniya ni na ɗauka, yana rataye a ɗakinta. Ban tuna fuskar tsohuwar ba, amma na san a layin masu tabarma na ɗaure sandar.

Cikin matan da suka kama sana'ar akwai Saratu, 'yar ƙanen Malam, mai aure a Aliero da 'ya'ya uku. Tana yi wa amare kwalliya tana ɗaukar su hoto, kuma ta tara ta sayi kyamara da fitila ta gaske. Ƙafar da ta haɗa da su ce ba ta da ƙwari. A wani biki a Maiyama iska ta kifar da ita, Allah ya tsare fitilar ta faɗa kan katifa. Ta zo ta gaishe ni, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce in ba ta aron Shamuwa. Na ce a'a tun kafin ta rufe baki. Ba ta ja ba. Ta tashi ta je kusurwar ta durƙusa ta duba, ba ta taɓa ba.

"Inna, tsatsa ta hwara cin kunnen ga. In damana ta sake ishe ta haka, ko maƙeri ba ya kwance ta."

Na ce na gode da wa'azi, ta gaida yara. Da ta tafi na ɗauko tabarau na duba. Gaskiya ta faɗa: wani jan gari ya taru a gindin kunnen, ya fara gangarowa jikin sandar. Kwana goma na yi ina jin haushin Saratu, alhali na san da wa nake fushi. Mutumin da ya kwana biyu yana wanke man gyaɗa daga jikin ƙarfen nan, da ya ga abin da na bari ya same shi da sunan ƙaunarsa, ba zai gode mini ba. Amma kuma shi ne ya ce a bar ta har in shirya. Sai na gane magana ɗaya ce ta rage tsakanina da shi, kuma a wuyana take. Na aika aka kira mai kitso, na sa lalle, na buga wa Saratu waya na ce ta taho da kyamararta.

Ta zo da hantsi ranar Juma'a. Ta ɗora fitilarta a kan Shamuwa, ta buɗe tsohuwar laimar Malam, ta ɗora jakar rairayi a ƙafar baya ba tare da na gaya mata ba. Da ta ga layin bai leƙo ba ta ce ko ta ɗaga ta kai shi. Na ce kada ta taɓa, a ɗauka a yadda ya bari, ko da kuskure ne. Na zauna a kujerar da na shekara bakwai ina kewayewa. Saratu ta ce in ɗago kai. Na ɗago, ta ɗaga kyamara, wuyana ya karye kamar yadda ya saba. Ta sake cewa, na sake gwadawa, abin ya ƙi. Shekara sittin da wani abu, ga jikoki, amma gilashi ya fi ƙarfina. Na yi dariyar kaina, kaina a sunkuye, na ɗago ido kawai in ce mata ta haƙura. A nan ta danna.

Ta daɗe tana kallon bayan kyamarar. Sannan ta dubi sandar, ta sake duban hoton, ta zo ta durƙusa kusa da ni ta nuna mini. Wata tsohuwa ce da kai a sunkuye, amma hasken ya shiga ƙarƙashin girarta ya same ta. Idanuna biyu suna nan tar, kowanne da ɗigon haske a ciki. Ban taɓa ganin su a hoto ba.

"Inna, ba kuskure na ba," in ji ta a hankali. "Da ya kai ta bisa layi, da haske goshi za shi tsayawa. Baffa ya san ba ki ɗaga kai, shi as sa yas sauke ta."

Na dubi sandar. Shekara bakwai ina kallon tazarar nan ina ganin ciwo da sakacina, ashe mutum ne lafiyarsa ƙalau, ya tashi da safe ya auna matarsa yadda take, ba yadda layi ya ce ba. Na yi kuka sosai, irin wanda ban yi ba tun ranar sadakar uku, Saratu ta bar ni ban da riƙe hannuna ba abin da ta yi.

Da na natsu na ce ta sauke fitilarta, sauran aikin nawa ne. Na riƙe sandar da hannun hagu kamar yadda aka koya mini, na kama kunnen da na dama. Ya ƙi. Na naɗe shi da ƙyalle na sake gwadawa, ya yi ƙara, ya motsa. Ashe Malam bai matse shi ba, ya kama ne kawai ya bar shi. Tsatsar ce ta riƙe. Na saki hannuna kaɗan, sandar ta fara saukowa a hankali, tana wani dogon huci har ta zauna. Na san iska ce kawai da ke cikin bututu. Amma a ɗakin da ba a ji numfashin kowa ba sai nawa tsawon shekara bakwai, ni da Saratu duk sai da muka yi tsit har ta gama.

Muka goge tsatsar da busasshen ƙyalle da ɗan buroshi, muka saki kunnuwan uku, muka naɗe ƙafafun. Kafin in sa ta a jaka na sake jawo gaɓar tsakiya, na ɗauko ƙusa na ja layi na huɗu a inda hannunsa ya tsaya, wurin da tsatsar ta bar tabo, na ce wa Saratu wannan na masu kunya ne, kuma za ta same su da yawa a ɗakunan amare. Na ja mata kunne a kan mai. Ta ce labarin Karaye ai ba wanda bai sani ba a dangi. Ta rungumi jakar ta hau keke zuwa Aliero, na tsaya a ƙofar gida har suka sha kwana.

Idan na auna abin da ya rage na Malam, ba shi da yawa a ido. Shagon ya zama na mai cajin waya. Kyamarorinsa babu mai iya gyara su. Sunansa ma yaran yanzu ba su san shi ba. Amma akwai ɗakuna daga Jega zuwa Sarandosa da fuskokin tsofaffi ke rataye saboda wani mutum ya zauna a zaure ya ƙi yarda a bar su a duhu, kuma Shamuwa ta koma aiki, Saratu ta ce makon jiya a Maiyama ta yi amfani da layi na huɗu har sau biyu. Hotona yana bango, Saratu ta danna, shi ya haska. Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya sa idan tamu ta zo mu cika da imani.

Falon ya ƙara faɗi, kuma ba zan ce kaɗaicin ya ragu ba. A kusurwar akwai tabo uku a siminti inda ƙafafun suka tsaya. Har yau idan na zo shara, sai in ga tsintsiyata ta kewaye su.